Tambayoyinku: wuta ta ɗauke, rumbun bayanai ya ƙi tashi

Wasiƙun wannan wata kusan duk kan rumbun bayanai suka zo, wato manhajar da ke adana bayanai a tebura, irin su MySQL da MariaDB da ke ƙarƙashin manhajojin farmasi, na lakwal da na shaguna. Bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, wuta tana zuwa tana tafiya a Yamai da Tawa, saboda haka ban yi mamaki ba. Na zaɓi biyar, na taƙaita su, na cire sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗan farmasi a Tawa. Wani yaro ya haɗa mini manhaja a kan XAMPP, a ciki muke rubuta maganin da ya shigo, wanda ya fita, ranar lalacewarsa da bashin da muke bin mutane. Ran Talata wuta ta ɗauke muna tsakiyar ciniki. Da ta dawo, MySQL ya ƙi tashi, in an danna sai ya yi kore kaɗan ya mutu. Yaron yana Agadas yanzu, ta waya ya ce in goge wani fayil mai suna ibdata1. Zuciyata ba ta kwanta ba. In goge? (Wani Alhaji, Tawa)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka goge. Yaron bai yi maka ƙarya ba, in ka goge ibdata1 sau da yawa fitilar za ta koma kore. Amma da ka buɗe manhajar za ka tarar da sunayen teburanka a jere, duk wanda ka taɓa ya ba ka kuskure mai lamba 1932, wai teburin ba ya nan. A cikin wannan fayil ne InnoDB, injin da ke riƙe da teburan, yake ajiye rajistar da ke nuna masa wane tebur ne wane. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ya kamata ka san abin da kake tsarewa. Duk sanda yaron kanta ya sayar da kwalin magani, InnoDB ba ya garzayawa ya gyara babban teburin da ke kan diski. Yana fara rubuta cinikin a wani ƙaramin fayil, ib_logfile0, daga baya ya kai shi mazauninsa, kamar mai shagon da ke rubuta ciniki a ƴar takarda da rana, da dare ya kwashe zuwa babban littafi. In wuta ta yanke shi, da ya tashi zai karanta ƴar takardar ya ƙarasa abin da ya rage da kansa. Saboda haka shi ma wannan fayil ba a goge shi bayan ɗaukewar wuta, ko da ka ga wani ya rubuta haka a intanet.

Abu na farko, rufe XAMPP gaba ɗaya, wato kunshin manhajojin da ke tayar da rumbun a kwamfutarka. Shiga C:\xampp\mysql ka kwafe dosiyen da ake kira data ɗungurungum zuwa kilen USB ko diskin waje. Kafin kwafin nan ya kammala kada kowa ya sa hannu, ko da mai gyaran ya ce aikinsa ne na kullum. Kusa da shi za ka ga wani dosiye mai suna backup. Mutane da yawa na zaton kwafin bayanansu ne a ciki, har su ɗora shi a kan data. Rumbu ne fanko, yadda ya zo ranar da aka girka XAMPP, ko ƙwayar farasitamol ɗinka ɗaya babu a ciki.

Bayan kwafi, buɗe mysql_error.log da ke cikin data, ka gangara can ƙasa ka karanta layukan ƙarshe. A nan rumbun yake faɗin ciwonsa. In ka ga lambar 3306, wata manhaja ce ta riga shi kama ƙofar, bayananka lafiya lau suke. In ka ga kalmar Aria, ƙananan teburan da rumbun ke tafiyar da kansa da su ne suka taɓu, umarnin aria_chk -r yana gyara su. Wannan ya fi yawa a XAMPP, domin abin da yake kira MySQL tun 2015 MariaDB ne, wanda Michael Widenius, ɗaya daga cikin waɗanda suka fito da MySQL a 1995, ya fara a 2009. In kuwa InnoDB ne da kansa ke kuka, a buɗe my.ini, fayil ɗin saitin rumbun, da ke cikin dosiyen bin, a ƙarƙashin [mysqld] a ƙara wannan layi:

innodb_force_recovery=1

In bai tashi ba a mayar da shi 2, sannan 3. A nan ka tsaya. Lambobin sun kai 6, amma daga 4 zuwa sama suna iya lalata bayanai har abada, sai hannun wanda ya ƙware, shi ma a kan kwafi. Da zarar ya tashi kada a koma ciniki a kansa. A fitar da komai da mysqldump, umarnin da ke kwafe bayanan rumbu zuwa fayil, a girka sabon rumbu mai tsabta, a zuba a ciki, a cire layin nan.

Alhaji, kwamfutar da ke riƙe da ranar lalacewar magani ba ta dace da zama babu ondilar ba, ƴar na'urar nan mai batir da ke ba ka mintoci ka kashe inji cikin natsuwa. Ka saya, kuma ka gwada batirinta, don zafinmu yana cinye shi da wuri. In yaron ya dawo ka ce ya sa wa root, babban asusun da ke da iko da komai a rumbun, kalmar sirri. XAMPP yana zuwa ne babu ita, masu shi ma sun ce don koyo da gwaji suka yi shi.

Tambaya: Malam, ina riƙe da rajistar wata ƙungiya mai koyar da mata karatun Hausa a Yamai. Muna rubuta sunaye da garuruwa da Hausa. Sunayen da ke da ƙ ko ɗ suna fitowa da alamar tambaya, wasu kuma da wasu irin haruffa, Bilƙisu ta koma BilÆ™isu. Faransanci kuwa yana fita daidai. An ce mu daina sa lanƙwasa kawai mu huta. Ban da haka, mace ɗaya sai ta fito sau uku a lissafi. (Wata Malama, Bukoki)

Amsa: Malama, shawarar nan ta a daina sa lanƙwasa ba na goyon bayanta ko kaɗan. Ku ne kuke koya wa mata bambancin ƙ da k, bai kamata rajistarku ta zama wurin da za a fara zubar da shi ba. Ƙa'idar rubutun Hausa da Nijar ta tsayar a 1999 tana da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kuma rumbun bayanai yana iya ɗaukarsu duka. Saitinsa ne ba daidai ba.

Har zuwa fitowa ta 5.7, MySQL yana zuwa ne da tsarin haruffa da ake kira latin1, na harsunan Turai ta Yamma. Akwai é da ç a ciki, shi ya sa Faransanci bai taɓa ba ku wahala ba. Babu ƙ, babu ŋ ɗin Zabarmanci. Sai a fitowa ta 8.0, a 2018, aka mayar da utf8mb4, wato tsarin UTF-8 mai ɗaukar haruffanmu duka, ya zama na asali. Manhajoji da yawa da ke birorinmu an haɗa su kafin nan, ko an kwaikwayi tsohon saiti.

Ciwo biyu ne kike da shi, kuma ba ɗaya suke ba. Ki sa a gudanar da SELECT suna, HEX(suna) a kan teburin, zai nuna lambobin da aka ajiye kowane harafi da su. Inda kika ga 3F a gurbin harafin, alamar tambaya ce aka ajiye da gaske, harafin ya ɓata tun ranar da aka shigar da shi. Babu umarnin da zai dawo da shi, sai an koma kan takardun rajista an sake bugawa. Inda kuwa kika ga C699, ƙ ɗinki tana nan da ranta, karanta ta ne ake yi ba daidai ba, shi ya sa take fitowa Æ™, ɗ kuma ta fito É da dogon layi. Wannan yana gyaruwa.

Sai dai a yi hattara. Mai gaggawa zai buga ALTER TABLE da CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4 nan take. In gurbin latin1 ne amma abin da ke kwance a ciki UTF-8 ne, wannan umarni zai daskarar da Æ™ ɗin ya zama shi ne sunan. Hanyar da ta dace ita ce a fara mayar da gurbin VARBINARY, sannan a mayar da shi VARCHAR mai utf8mb4, duk a kan kwafi tukuna, a duba sunaye da ido. Kuma wuri uku ne dole su yi magana da murya ɗaya: teburin, layin da manhaja ke haɗuwa da rumbu ta kansa, inda ake sa SET NAMES utf8mb4, da kuma shafin da ke nuna rubutun. In daga Excel kuke ɗauko sunaye, a ajiye fayil ɗin da zaɓin CSV UTF-8, kuma a tuna Excel na Faransanci da waƙafi mai ɗigo yake raba gurabe.

Maganar mace ɗaya sau uku kuwa, na san inda ta fito. A takardar haihuwa Haoua, a bakin malama Hawa, wata ta buga Hawwa. Rumbu ba shi da yadda zai gane mutum ɗaya ce. Suna ba ya zama shaidar mutum a tebur, balle a ƙasar da unguwa ɗaya za ka sami Hadiza Musa biyar. Kowace ɗaliba a ba ta lamba tata ita kaɗai, a rubuta mata a kati, duk sauran teburan su riƙa kiranta da lambar. A yi gurbi biyu na suna, ɗaya yadda yake a takardar hukuma, ɗaya da Hausa. Iyayenmu da takardarsu ta ce an haife su wajajen shekara kaza, a yi musu gurbin shekara kaɗai. Kada a cika musu 0000-00-00, MySQL daga 5.7 yana ƙin karɓarsa, ranar da za ku ƙaura zuwa sabon rumbu nan za ku maƙale.

Tambaya: Yaya, ni ke riƙe da lissafin wata ƙungiyar manoman albasa a yankin Galmi. Muna ba membobi taki da iri bashi, su biya in an kwashe albasa. Jiya na shiga phpMyAdmin, shafin da nake gyara rumbun ta kansa, in mayar da bashin mutum ɗaya jika 35, sai na ga an rubuta layi 412 sun canja. Yanzu kowa jika 35 ake binsa. Shugaba bai sani ba tukuna. (Ƙaninka, jihar Tawa)

Amsa: Ƙanena, ka gaya wa shugaba yau, kafin wani manomi ya zo biya a karɓi abin da ba shi ne bashinsa ba. Kuɗin mutane ne, wani jika 10 ake binsa, wani 200. Kuma a dakatar da shigar da komai a rumbun har a gama.

Abin da ya faru shi ne ka tura UPDATE, umarnin canja bayani, babu WHERE, sharaɗin da ke faɗin layin da za a canja. Rumbun ya yi abin da aka ce masa, a kan kowane layi. Yanzu ka buga wannan:

SHOW VARIABLES LIKE 'log_bin';

In ya ce ON, ka gode Allah. Rumbun yana ajiye tarihin duk canjin da aka yi. A MySQL 8.0 a kunne yake zuwa, yana riƙe na kwana 30, kuma ga kowane layin da aka canja yana rubuta yadda yake a da da yadda ya koma. Umarnin mysqlbinlog tare da -v da --base64-output=DECODE-ROWS zai fito maka da tsofaffin lambobin 412 ɗin, ɗaya bayan ɗaya. In MariaDB ne, a kashe yake zuwa sai in wani ya kunna. In ya ce OFF, sai kwafin ajiya na ƙarshe: a zuba shi a wani rumbu daban, ba a kan na aiki ba, a ɗauko gurbin bashi daga can, a ƙara abin da aka biya tun ranar daga rasidai. In shi ma babu, to littafin rasidi da zama da membobi ne, ba wata hanya.

Amma akwai abin da ya fi damuna a wasiƙarka fiye da WHERE ɗin da ka manta. Me ya sa bashin mutum yake lamba ɗaya da ake gogewa a sake rubutawa? Ko ba a yi wannan kuskure ba, ranar da manomi ya ce ya biya jika 20 a watan Afrilu, da me za ka nuna masa? Ku yi tebur na shige da fice: buhun taki da aka ba shi layi ɗaya, kowane biya layi ɗaya, da kwanan wata da lambar rasidi da wanda ya karɓa. Bashin kuwa SUM, umarnin tara lissafi, ne zai fitar da shi duk sanda ake so. Ba a goge layi, in an yi kuskure a ƙara wani da ke warware shi. Kuɗin a ajiye su a gurbin cikakkiyar lamba, tunda sefa ba mu da ɓarinta, kada a sa FLOAT, gurbin lamba mai ɓari.

Ga al'adun da nake so ka riƙe. Kafin UPDATE ko DELETE, rubuta shi da SELECT da WHERE ɗin nan, ka ga layi nawa ya fito. Ka sa SET sql_safe_updates=1, zai ƙi irin umarnin da ka tura jiya. Ka saba da buga START TRANSACTION kafin canji, ka duba, sannan COMMIT don tabbatarwa ko ROLLBACK don janyewa. Sai dai ka sani ROLLBACK ba ya dawo da DROP ko TRUNCATE, masu share tebur ko duk abin da ke cikinsa, ba ya aiki a teburin MyISAM, tsohon injin da ba InnoDB ba, kuma a phpMyAdmin kowane dannawa sabon haɗi ne, abin da ka buɗe a dannawar farko ba ya jiranka a ta biyu. Aikin kullum kuma kada a yi shi da root, a buɗe asusu mai iyakar izini.

Kwafin ajiya kullum da yamma, da mysqldump --single-transaction, Windows yana da mai tsara ayyuka da zai yi shi ko ba ka nan. Kwafin ya bar kwamfutar, ɗaya ya kwana wani gida. Sau ɗaya a wata ka zuba shi a rumbun gwaji ka ƙirga membobi, ka buɗe lissafin mutum biyu ko uku. Na sha ganin biro da ke da kwafi jere a dosiye, ranar buƙata a buɗe a tarar fayilolin babu komai a ciki, don an canja kalmar sirri tun tuni ba wanda ya lura.

Tambaya: Malam, manhajar shagonmu na kayan gini da farko kamar walƙiya take. Yanzu rahoton wata sai mun jira minti biyu. Mai sayar da kwamfuta ya ce mu sayi sabuwa. (Wani ɗan kasuwa, Katako)

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Wanda ya haɗa manhajar ya ɗauki umarnin rahoton ya sa kalmar EXPLAIN a gabansa. In ya ga ALL a gurbin type, rumbun yana bin duk cinikin da kuka taɓa yi tun ranar farko, layi layi, don ya tsamo na wata ɗaya. Fihirisa, wato jerin da ke kai rumbu kai tsaye ga layin da ake nema, yake buƙata a kan gurbin kwanan wata, CREATE INDEX layi ɗaya ne. Amma fihirisa tana iya kasancewa a ƙi amfani da ita. In an rubuta MONTH(rana)=4, rumbun ba zai bi ta kanta ba. A rubuta rana daga 2025-04-01 zuwa ƙasa da 2025-05-01. Haka neman suna da LIKE '%siminti%', alamar % ta farko tana hana fihirisa aiki. A kuma duba innodb_buffer_pool_size, wurin da aka ware wa rumbun a ƙwaƙwalwar injin, da megabait 128 kawai MySQL yake zuwa, a XAMPP ma bai kai haka ba, alhali injin yana da wurin da ya ninka wannan. Kada dai a watsa fihirisa a kowane gurbi, kowacce tana rage saurin shigar da sabon ciniki. In an yi duk wannan bai canja ba, a sa diskin SSD, a kuma buɗe injin a hure ƙurar hunturu da ta toshe fanka.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce, na haɗa wa wani gidan ɗinki manhaja. Abu biyu: tun ƙarshen Maris rasidai suna gaba da awa ɗaya, kuma lambobin wayar kwastomomi da yawa sun koma 2147483647. (Wata ƴarka, Harobanda)

Amsa: Ƴata, sannu da ƙoƙari. Nijar awa ɗaya take gaba da agogon duniya na UTC, rani da damina. Faransa da Jamus kuwa suna ƙara awa ɗaya daga Lahadin ƙarshe na Maris zuwa Lahadin ƙarshe na Oktoba. A sauran watanni agogonmu ɗaya da nasu, shi ya sa ba ki gani ba sai yanzu. Ko dai sabar da kika kama haya tana can, ko kuma fayil ɗin saiti php.ini na XAMPP ne, wanda ke zuwa da Europe/Berlin. Ki mayar da shi Africa/Niamey, a rumbun kuma ki sa SET time_zone='+01:00' a farkon haɗi. Rasidan da aka riga aka ajiye a gurbin DATETIME ba za su gyaru da kansu ba, sai kin rage musu awar da hannu, daga ranar da abin ya fara.

Lambar nan 2147483647 ita ce iyakar abin da gurbin INT ke ɗauka. Lambarmu ta gida takwas ce, tana shiga. Da aka sa 227 a gaba ta zama goma sha ɗaya, ta fi ƙarfinsa, sai ya rubuta iyakarsa ya yi shiru, domin ba a kunna masa STRICT_TRANS_TABLES ba. Ki kunna, don nan gaba ya ƙi karɓa ya faɗa miki. Lambar waya ba a tarawa ba a debewa da ita, rubutu ce, ki mayar da gurbin VARCHAR(16), alamar + ma ta samu wuri. Waɗanda suka riga suka koma 2147483647 ba sa cikin rumbun kuma. Ki duba wayar mai ɗinkin da littafin awonsa, galibi teloli suna rubuta lambar a gefen awon, ki sake shigar da su daga can.